Haruffan Malam Kabo

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

An yi ruwa da asuba, shago ya yi sanyi, ba a kuma ɗauke wuta ba. Irin ranar da nake roƙo ke nan. Yau wata goma sha tara da na fara zana zubin haruffan nan, wato sabon salon haruffan buga littafi. Saura kaɗan: lambobi, alamar tambaya, sai daidaita tazara tsakanin harafi da harafi. Sha'aban ya ce in daina cewa saura kaɗan, tun azumi yake jin haka. Shi da injin bugunsa, ni da zanena, shekara goma sha ɗaya a shago ɗaya, har yanzu bai yarda cewa harafi ɗaya zai iya cin mako guda ba.

Ƙungiyar malaman firamare tana son littafin koyon karatun kafin a koma makaranta a Satumba. Shugabarsu, Malama Kulu, ta dage sai da haruffanmu za a buga. Ita ce ta kawo mini tsohon littafinsu bara, ta nuna mini inda malamai ke bi da biro suna sa wa d da k ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Inda kuma aka buga da ƙugiyar, sai ka ga ƙ ya fito daga wani zubin daban, siriri a tsakiyar masu kauri. Ta ce, "Yaro ɗan shekara shida ganin sa yake kamar baƙo. Sai ya tsaya a kansa ya kasa wucewa."

Na lura sandar l ta ɗan karkace a tsakiya. Ban san yadda aka yi ta wuce ni ba duk watannin nan. Na gyara.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan azahar

h ma haka. b da d ma. Duk na gyara. Na ce wa Sha'aban fuskar kwamfutata ta fara lalacewa, ya ba ni aron tasa.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya

Tasa ma haka take.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Na je gaida Malam Kabo a gindin darbejiyarsa ta bakin tasha. Shekara arba'in yana rubuta jikin motoci da allunan shaguna a Daura, yanzu hannu na rawa, ya ajiye buroshi. Daga hannunsa na ɗauko komai. Na ɗauki hoton rubutunsa fiye da ɗari uku, wasu a jikin motocin da suka mutu a bayan gareji, fenti na ɓanɓarewa. Shi ya sa na sa wa zubin sunansa, ko da yake ya ce in sa masa suna mai kyau.

Yau ya sake ba ni labarin ƙugiyoyin, kamar ban taɓa ji ba. Ta ɗ daga ƙugiyar ciro guga ya ɗauko ta, wadda ya gani tun yana yaro a wajen masu ɗebo ruwa kusa da Kusugu. Ta ƙ kuma ƙahon wani farin sa ne da ya gani a kasuwar shanu ta Mashi, ya bi shi yana kallo har mai shi ya zaci saye zai yi.

"Mansur, rubutun mota a guje ake karanta shi," in ji shi. "Buɗe wa harafi ciki ya sha iska. In ka matse shi, daga nesa ya zama tabo."

Na ce masa yaro mai koyon karatu ma haka yake bukata. Ya yi dariya, ya ce ashe shi da 'yan aji ɗaya sana'arsu ɗaya.

Ya tambaye ni ƴ, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Na ce na zana shi, don in littafin ya tsallaka iyaka kada a rasa. Ya ji daɗi.

Ina dawowa na ga turken wutar bakin titi ya lanƙwashe a tsakiya. Da na matsa kusa sai ya miƙe.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Matata Hadiyya tana kicin. Na tsaya gaban tagar ɗaki, na rufe ido ɗaya da tafin hannu na dubi ƙarafan. Idon dama lafiya, kusan lafiya. Na sauya hannu.

Na daɗe a tsaye. Ta kira ni sau biyu kafin na amsa.

Litinin ɗin dai, da yamma

Gajiya ce. Wata goma sha tara mutum na kallon fuskar kwamfuta.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe biyu

A zauren masu zanen haruffa na waya an turo sababbin ayyuka. Wata ta ɗauko nata daga zanen atamfar kakarta, an buga shi a kwalin sabulu. Wani saurayi ya ɗauko nasa daga rubutun motocin haya na Legas, masu kiɗa na sa shi a fastocinsu. Akwai kuma wani zubi da aka yi musamman don masu raunin gani, babban I da ƙaramin l da lamba ɗaya kowanne da kamanninsa, ba mai shiga rigar wani. Ba shi da kyau ko kaɗan. Kowa na yabo.

Na gyara t, f, k da manyan haruffa tara. Idan na gyara sai su miƙe, in na dawo bayan sallah sai in ga sun sake karkacewa ta wani wajen. Sai in sake gyarawa. Ina adanawa a kan tsohon, kamar kullum.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

Na ce wa Hadiyya Katsina zan je duba takarda. Na ce wa Sha'aban gaisuwar rasuwa zan je.

Asibitin ido na je. Likitan matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya ɗiga mini wani magani, na zauna a benci kusan awa guda har komai ya zama haske. Ya sa na kafa haɓa a jikin na'ura. Ya daɗe a hagu. Sannan ya koma dama ya daɗe, abin da ban so ba ke nan.

Ya ce, "Malam, tun yaushe?"

Na ce mako guda.

Ya ce, "Abin da nake gani ya fi mako guda." Ya tambaye ni maganin da aka ɗora ni a kai shekara huɗu da suka wuce, ko ina sha. Na ce ina sha in na tuna. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa, bai gane ba, na ce ni ke zana haruffan da ake buga littafi da su.

Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ba ni takarda zuwa Kano, ya ce kada in wuce mako biyu.

A mota na buɗe takardar. An buga ta da wani siririn zubi, haruffa a matse, launin toka. Ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Na ninke ta na cusa a aljihun jakar kwamfuta.

Hadiyya ta ce ina takardar da na je dubawa. Na ce ba ta yi ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan masallaci

Sahu a miƙe yake, na sani. Na sani.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Na sauke zubin nan marar kyau na sa a wayata. Saƙonni sun fi karantuwa. Na ƙara girman rubutun, ina juya wayar idan Hadiyya ta zo wucewa.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Na miƙa wa Sha'aban haruffan don ya jera littafin. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yau an ga ƙarshen saura kaɗan." Ya aika aka sayo mana tsire. Na ci.

Da na faɗa masa a lokacin.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Sha'aban ya buga gwaji, shafi arba'in da takwas. Ina zaune ya shigo da su ya baje a kan tebur. Ya ɗauko rula ta ƙarfe ya ɗora a jikin babban H na bangon littafin.

"Duba nan."

Na duba. A idona H ɗin a tsaye yake, rular ce ta lanƙwashe.

"Mansur, duk haka suke. l, h, b, d, har ɗ ɗin da ka yi wata biyu a kansa. Kamar an taka su. Wa ya taɓa maka aiki?"

Sai na ji bakina yana cewa, lafiya lau na ba ka su. Na ce wajen jerawa ne ka ja su ka lalata, ba yau ka fara ba, kai komai sauri. Na ce shekara goma sha ɗaya kana buga rubutu amma ba ka san harafi ba, da na Malam Kabo da na kwalin ashana duk ɗaya ne a wajenka. Na faɗi wasu abubuwan ma. Akwai mutum biyu a shagon suna jiran katin ɗaurin aure, duk sun ji.

Bai ɗaga murya ba. Ya tattara takardun ya daidaita gefensu, ya ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri." Ya koma ɗakin inji ya rufe ƙofa.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe goma

Ban je shago ba. Na nemi tsohon aikin. Wanda na ware daban na watan Afrilu ne, babu manyan haruffa, babu ƴ, ƙugiyoyin ma na farko ne da Malam Kabo ya ce sun yi kama da wutsiyar ɓera. Sauran duk na adana a kansu. Da hannuna.

Asabar, 26 ga Yuli

Ban je ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

Ban je ba. Na ce wa Hadiyya zazzaɓi ne. Ta taɓa goshina.

Malama Kulu ta kira sau uku.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Malam Kabo ya aiko a kira ni. Na tarar da shafi ɗaya na gwajin a kan cinyarsa, Sha'aban ya kai masa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya nuna mini gefen benci.

"Yaron nan ya zo jiya. Bai kawo ƙararka ba. Cewa ya yi, Baba, duba mini ko ni ne na ɓata. Kwana huɗu yana sake jerawa."

Na sunkuyar da kai.

"Na duba. Inji ba ya irin wannan ɓarnar. Inji in zai karkatar, gefe ɗaya yake kai su duka. Wannan hannu ne, kuma hannun da ya iya. Mutum ne yake gyara abin da bai lalace ba." Ya nuna wata tirela da ke tsaye a tsallake. "Layin nan ja na jikinta, ni na ja shi da zare shekara tara da suka wuce. Yaya ka gan shi?"

Na ce a miƙe.

"Don Allah fa."

Na ce ya lotsa a tsakiya, Malam.

Sai ya ɗaga hannunsa na dama, yana karkarwa kamar ganye. Ya ce shekara biyu ya yi yana ɓoye shi, yana jingina gwiwar hannu da jikin mota, yana cewa fentin zamani ne ba shi da kyau. Har ya kori wani mai haɗa masa fenti a kan laifin da ba nasa ba, mutumin ya rasu bai nemi gafararsa ba.

"Iyalinka ta sani?"

Na ce a'a.

"Tashi ka tafi gida."

Ban tafi gida ba. Na zaga ta bayan gari har aka kira magariba.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Idon dama. Ƙarfen taga na uku daga gefe ya lanƙwashe. Kaɗan ne. Wataƙila tun da can haka yake.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan azahar

Hadiyya ta ɗauki jakar kwamfuta za ta goge. Ina kwance na ji shiru ya yi yawa. Ta shigo da takardar a hannu, ta zauna a bakin gado.

"Baban Rabi, wannan ta sha bakwai ga wata ce."

Na ce eh.

"Yau talatin da ɗaya. An rubuta mako biyu."

Na ce na sani.

"Ka karanta ta?"

Na ce ban iya ba.

A nan ne ta yi kuka, ba a kan ƙaryar Katsina ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta karanta mini daga sama har ƙasa, da kalmomin Turancin da ba ta sani ba, tana rarraba su gaɓa gaɓa. Ta ce ta ga yadda nake zuba shayi a gefen kofi, ta ga girman rubutun wayata, tana jira ne in faɗa da bakina. Ta ce, "Ni ka mayar baƙuwa a gidan nan?"

Ta kira yayanta Anwar ya nemo mota. Ta ce gara da 'yarmu Rabi ke Dutsi wajen kakarta, a bar ta can har hutu ya ƙare.

Asabar, 2 ga Agusta, da yamma

Kano. Allura ce, a cikin idon. Ba zafin ba ne, ganin ta tana zuwa ne.

Likitar ta ce hagu za a gwada. Dama za a tsare. Na ce aikina fa? Ta ce, "Malam, bari mu ga wata uku tukuna." Na ce layi zai koma ya miƙe? Ta ce wasu yana raguwa. Na sake tambaya, ta sake cewa wasu yana raguwa.

Kowane wata za a dawo.

Lahadi, 3 ga Agusta

Hadiyya ke ba ni magani yanzu, tana tsaye har in haɗiye. Ba ta yi mini gori ba. Da ma ta yi.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe sha biyu

Ruwa tun safe. Na rufe ido ina zana a cikin kaina. A can duk a miƙe suke, ɗ da ƙugiyarsa, ƙ da ƙahonsa, cikin a buɗe yana shan iska. Ba wanda zai taɓa ganinsu haka sai ni.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Na je shago. Sha'aban na yanka takarda, ya ga bandeji ya tsayar da inji. Na faɗa masa komai a tsaye, tun daga sandar l. Na ce maganar da na yi maka a gaban mutane ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake yin ta. Na ce ka yafe mini.

Ya ce, "Na yafe." Ya ci gaba da daidaita takarda. Can ya ce, "Amma ta kwalin ashanar nan ta zauna mini, Mansur. Ba zan ɓoye maka ba."

Na ce gaskiya ne.

Ya ce ya riga ya yi magana da Malama Kulu. Lokaci ya ƙure, za a buga cikin littafin da zubin da aka saba, mai aron ƙugiya. Ta ce ba komai, Allah ya ba ni lafiya, wataƙila bugu na biyu. Na san yadda bugu na biyu yake.

Na zauna a kujerata. Wani ya matsar da ita kusa da taga.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe uku

Sha'aban ne ya kawo shawarar, ba ni ba. Ya ce ko bangon kaɗai a ceto, kalma huɗu ce, harafi goma sha ɗaya in an cire maimaici. Ya ce, "Kai ka san inda kowane ɗigo ya kamata ya zauna. Ni ina da ido. Faɗa mini kawai."

Muka zauna, shi a gaban kwamfuta, ni a gefe. Sanduna ba wuya, lamba ce, in ta sama da ta ƙasa sun zo ɗaya to ta miƙe ko na gani ko ban gani ba. Ƙugiya ce matsala. Ita ba lamba ba ce. Na ce ja ta sama kaɗan, ya ja da yawa. Na ce kamar ƙahon sa, ya ce wane irin sa. Awa biyu a kan ƙ ɗaya. Sau ɗaya na kai hannu zan karɓa, ya janye, ya ce, "A'a." Na mayar da hannuna.

Daga baya ya buga shi babba ya kai wa Malam Kabo, ya dawo ya ce Malam ya ce ba laifi, amma wannan sa bai ƙoshi ba. Muka ƙara masa kauri.

Ya ce, "Yanzu ya yi. Wallahi ya yi kyau."

Na duba. A wajena kamar an jiƙa shi an matse. Na ce adana.

Mun gama uku. Ya ce ashe da gaske harafi na cin lokaci.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar

An gama bango. Kowa ya ce ya yi kyau. Malama Kulu ta riƙe shi da hannu biyu. Ta buɗe ciki ta rufe da sauri, don kada in ga abin da na riga na sani.

Harafi goma sha ɗaya. Cikin ɗari biyu da sittin.

Sha'aban ya ce in mun riƙa yin biyar a mako za mu gama kafin baɗi war haka. Na ce to. Yana da injinsa da iyalinsa, kuma ba shi ya ce zai zama mai zane ba.

Talata, 26 ga Agusta

Rabi ta dawo. Ta yi tsawo. Na riƙe fuskarta na ɗan juya kaina gefe don in gan ta sosai, ta ce Baba me kake kallo a bayana.

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau allura ta biyu. Na yi wanka, na sha magani a gaban Hadiyya. Ta sa takardun a jakarta, ta ce ita za ta riƙa riƙewa.

Na tsaya gaban taga. Na rufe dama, hagu yana nan yadda yake, ko ya ɗan ragu, ban sani ba, na gaji da aunawa. Sannan na rufe hagu.

Na ƙirga ƙarafan da suka lanƙwashe sau biyu.

Likitar za ta tambaya, kuma Hadiyya za ta kasance a zaune a gefena. Wannan karon zan faɗa.

Anwar ya iso, yana ta hon.